Zaman Tare Tsakanin Ɗaliban Jami'a

Ranar 4 ga watan Oktoba na shekarar 1962, sa'ad da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, bayan an tattaro tsohuwar kwalejin fasaha da kimiyya ta Samaru, da makarantar koyon sha'anin mulki ta Kongo, da tashar binciken aikin gona, da Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano, an yi musu inuwa guda, ɗaliban da aka ƙidaya gaba ɗaya 426 ne, kuma 147 kaɗai daga cikinsu ne 'yan Jihar Arewa. Ashe ke nan jami'ar da Sardaunan Sakkwato ya tsaya tsayin daka har aka kafa ta, domin Arewa ta sami alƙalai da injiniyoyi da malamai na kanta, ta soma rayuwarta ne alhali baƙi sun kusa ninka 'yan gida. Shugabanta na farko, Norman Alexander, mutumin ƙasar Niyu Zilan ne. Wanda ya gaje shi a 1966, Dokta Ishaya Audu, likitan yara, Bahaushe ne Kirista. Da Allah ya karɓi ran Sardauna, Oba Akenzua na Biyu, sarkin Bini, shi aka naɗa uban jami'a, har ma ɗaya daga cikin gidajen kwanan ɗalibai na Samaru yana ɗauke da sunansa, kamar yadda wasu ke ɗauke da sunan Ɗanfodiyo da Ribaɗu da Sarauniya Amina. A 1975 kuma muƙamin ya faɗa hannun Cif Obafemi Awolowo, mutumin da bai taɓa shan inuwa ɗaya da Sardauna a fagen siyasa ba.

Dalilin jero waɗannan sunaye shi ne mai karatu ya gane cewa batun jawo kowa a jiki a cikin jami'a, wanda wasu ke ɗauka baƙuwar magana ce da aka ɗebo daga Turai da Amurka, a wurinmu da shi aka aza harsashi tun ranar farko. Sai dai akwai mas'ala guda wadda ta cancanci a tsaya a yi mata nazari, ita ce: shin tara mutane mabambanta ƙabila da addini da hali a bayan katanga ɗaya ya wadatar? A ganina bai wadatar ba ko kusa. Fasinjojin da suka shiga mota ɗaya daga Kano zuwa Legas suna iya kwana a hanya kafaɗa da kafaɗa, su sauka a tasha babu wanda ya san sunan wani. Abin da ke mai da taron ɗalibai ya zama jama'a guda yana cikin ƙananan tsare-tsaren da ba a cika yi musu taro ko jawabi ba, wato wa aka haɗa da wa a ɗaki, ina ake cin abinci, wace rana aka sa jarrabawa, kuma a hawa na nawa aka ajiye ɗakin karatu.

Magabatanmu na ilimin zaure sun san wannan tun da daɗewa, domin neman ilimi a wurinsu tafiya ce, kuma birnin Zazzau kansa ya shahara da karɓar almajirai daga nesa masu zuwa neman nahawu da lugga. Tun a ƙarni na 13 mutanen Kanem suka gina makaranta da masauki a Misira, wadda aka sani da Madarasatu Ibn Rashiƙ, saboda ɗalibansu da alhazansu. A Jami'ul Azhar kuwa, tsarin da aka yi ƙarnoni ana bi shi ne a ba mutanen kowace nahiya ruwaƙinsu, wato sashen da za su kwana su ajiye littattafansu: akwai na mutanen Magrib, da na Sham, da na Turkawa, da na mutanen Jawa, da na Barnawa, kowanne da shehinsa, da gurasar da ake raba wa mazaunansa daga dukiyar waƙafi. Har makafi an gina musu zawiyarsu. Hikimar wannan tsari a fili take, domin baƙon da ya sauka a ƙasar da bai iya harshenta ba yana bukatar wanda zai fara kama hannunsa. Amma idan gari ya waye, duk waɗannan ruwaƙai sai su haɗu a cikin masallaci guda, Babarbare da Baturke da mutumin Jawa su durƙusa a halƙa ɗaya gindin ginshiƙin shehi ɗaya, littafi ɗaya a gabansu, kuma a nan ne ake samun sanayyar da Suratul Hujurat ta nuna ita ce hikimar da ta sa aka yi mutane dangogi da ƙabilu.

Jami'ar zamani ta ɗauki wata hanya dabam, kuma ina jin a wannan fuska ta fi zurfafawa, domin ta haɗa mutane tun daga wurin kwana. Yaron da ya taso a ƙauyen Daura, bai taɓa gaisawa da Batibi ko Bajju ko mutumin Kalaba ba, sai ya tarar magatakardan gidan kwana ya rubuta sunansa a ƙofa ɗaya da nasu. Sati na farko kowa yana ɗari-ɗari, yana kulle akwatinsa. Kafin zango ya ƙare wannan ya san ƙarfe nawa wancan ke tashi sallar asuba har yana tashinsa idan ya makara, wancan kuma ya san ranar Lahadi da safe ba ranar aron guga ba ce. Tsofaffin ɗaliban shekarun 1960 da 1970, idan suka zauna hira, ba su cika tuna abin da aka faɗa a lakca ba kamar yadda suke tuna layin ɗakin cin abinci, da tikitin da ake miƙawa, da kazar ranar Lahadi, inda ɗan sarki da ɗan manomi ke riƙe da faranti iri ɗaya. Zo mu zauna zo mu saɓa ne, babu shakka, kuma an saɓa. Amma saɓanin wanda ka san tarinsa da dariyarsa yana da magani, saɓanin wanda ba ka sani ba sai a labari shi ne mai wuyar sha'ani.

Wannan cuɗanya ta haifi abubuwan da ake iya nunawa da yatsa. A 1958, tun jami'ar tana kwaleji, wasu matasa masu koyon zane, cikinsu har da Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka fito daga ƙabilu dabam-dabam na Kudu suka haɗu a Zariya, suka kafa ƙungiya bisa ra'ayin cewa kowa ya koma ga zane-zanen gidansu ya gwama su da dabarun da Turawa ke koyarwa, kuma daga wannan ƙungiya ce fasahar zane ta Nijeriya ta zamani ta sami alƙibla. A sashen tarihi da na nazarin zaman jama'a an ga Abdullahi Smith, Baturen Ingila da ya musulunta, da Yusufu Bala Usman na gidan sarautar Katsina, da Patrick Wilmot mutumin Jamaika, suna koyar da ɗalibai iri ɗaya. A 1978 kuma, da aka ƙara kuɗin abinci da masauki a zamanin da Kanar Ahmadu Ali ke kwamishinan ilimi, ɗaliban Kudu da na Arewa suka tashi da murya ɗaya, aka rasa rayuka a Legas da Zariya, gwamnatin soja ta haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. Abin baƙin ciki ne ƙwarai, amma ya nuna cewa a wancan lokaci ɗalibi yana ganin ɗalibi ɗan'uwansa ne kafin ya tambaye shi jiharsa.

Ta fuskar shiga jami'a, hukuma ta yi nata ƙoƙari. A 1978 aka kafa hukumar JAMB domin jarrabawar shiga ta zama ɗaya a ƙasa baki ɗaya, kuma ƙa'idar da aka shimfiɗa wa jami'o'in tarayya daga baya ita ce kashi 45 cikin 100 na gurabe a bayar bisa cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko. Ana sukar wannan rabo, musamman daga waɗanda 'ya'yansu suka ci maki mai yawa suka rasa gurbi, kuma kukan nasu yana da hujja wadda bai kamata a toshe kunne daga gare ta ba. Duk da haka ina tare da rabon, domin yaron da ya yi karatu a ajin da babu malamin lissafi shekara biyu, makinsa ba ma'aunin basirarsa ba ne, ma'aunin makarantarsa ne. Kuma tarihi ya nuna amfanin irin wannan taimako, tunda makarantar share fage da aka buɗe a Samaru zamanin Ishaya Audu ita ce ta zama gada ga ɗimbin 'yan Arewa da daga baya suka riƙe manyan ayyuka. Inda aibin yake shi ne, gurbin da aka ware domin ɗan talakan ƙauye galibi ɗan mai hali na birnin jihar ne ke ɗauke shi, wanda ya yi makarantar kuɗi kuma ba ya bukatar rangwame. Ga kuma matsalar takardar shaidar asali, wadda ke sa yaron da aka haifa a Sabon Garin Kano, ya yi wayo a can, Hausa ta fi zama a bakinsa fiye da harshen kakansa, a ce masa ya tafi wata ƙaramar hukuma da bai taɓa takawa ba ya karɓo shaida.

To amma a daidai lokacin da ƙofa ke ƙara faɗi, sai ɗaki ya ƙuntata. Ɗalibai da suke ɗaruruwa suka koma dubbai goma-goma, gidajen kwana ba su ƙaru daidai da su ba, a tsakiyar shekarun 1980 kuma gwamnati ta janye hannunta daga ciyarwa, ɗakin cin abinci na kowa da kowa ya mutu. Wanda ya leƙa gidan kwanan ɗalibai a yawancin jami'o'in gwamnati yau zai ga ɗakin da aka gina domin mutum huɗu yana ɗauke da takwas ko goma, rabinsu 'yan raɓe ne da ba su da gado a takarda, katifu a jingine da bango da rana, risho a bakin ƙofa, tukunyar shinkafa da wake tana tafasa kusa da bokitin wanka. A cikin wannan ƙunci akwai alheri mai yawa, domin tukunyar nan ba ta tambayar addinin wanda ya miƙo cokali, kuma a ƙarshen zango, sa'ad da guzuri ya ƙare, garin kwakin mutum ɗaya ne ke riƙe ɗaki. Sai dai wanda zai raɓa, wurin wa zai raɓa in ba ɗan garinsu ba? Wanda kuma iyayensa ke da hali ya kama ɗaki a cikin gari, mai ruwa da wuta, tare da wanda ya zaɓa da kansa. Ta haka, ba tare da kowa ya yi niyya ba, aljihu da asali suka karɓe aikin da magatakardan gidan kwana ke yi a da, suka kuwa raba mutane gida-gida. Ƙarin kuɗin rajista da jami'o'in tarayya da dama suka yi a 2023, shekarar da aka cire tallafin man fetur, ya fitar da wasu daga karatun ɗungurungum, kuma asusun ba ɗalibai rance da ya soma aiki a 2024, wanda babu kuɗin ruwa a cikinsa, abin da ya kwantar da hankalin iyaye Musulmi, ya rage raɗaɗin amma bai gina ɗaki ko ɗaya ba.

Ƙungiyoyin 'yan jiha da 'yan ƙaramar hukuma su ne ruwaƙan zamaninmu, kuma ba na cikin masu neman a rushe su, domin su ke tarbar sabon ɗalibi, su nuna masa ofishin rajista, su bi masa kuɗin tallafin karatu, su kai gawarsa gida idan ta Allah ta kasance. Illarsu tana bayyana ne ranar zaɓen shugabannin ɗalibai, inda asabiyya ke shiga gaba, a zauna a raba muƙamai tsakanin shiyya da shiyya kamar yadda manya ke yi a Abuja, yara su koyi darasin da bai kamata jami'a ta koyar ba.

Sha'anin addini ya fi wannan nauyi, kuma wajibi ne a faɗe shi da gaskiya. Ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta Nijeriya, wadda aka kafa a Legas a 1954, da ƙungiyar zumuntar ɗalibai Kirista, wadda ta samo asali a Gindiri a 1957, sun tarbiyyantar da dubban matasa, sun tsare su daga shaye-shaye da ƙungiyoyin asiri, kuma duk wanda ya musanta haka bai yi adalci ba. Amma kuma ba a manta ba cewa fitinar watan Maris na 1987, wadda ta ci masallatai da majami'u daga Kafanchan har Kaduna da Zariya da Funtuwa, a harabar kwalejin horon malamai ta tashi, daga husuma tsakanin ɗalibai a kan wa'azi. Ba a kashe irin wannan wuta da jawabin shugaban jami'a ranar bikin rantsar da sababbin ɗalibai. Ana kashe ta ne tun tana tartsatsi, a ofishin mai tsara jadawali, wanda ya san bai halatta ya sa gwaji da ƙarfe ɗaya na ranar Juma'a ko da safiyar Lahadi ba, da kuma a hukumar da ke ba kowane ɓangare filin ibada da ma'auni ɗaya, ko da kuwa ɓangare ɗaya ya fi rinjaye. A nan nauyi yana wuyan masu rinjaye, ko su wane ne a wurin. Mu masu jin Hausa, a jami'o'in Arewa, muna da wani sakaci da ba mu cika lura da shi ba: a zauna muraja'a mutum shida, biyar su zarce da Hausa a daidai wurin da darasi ya yi tsauri, na shidan ya yi shiru yana juya takarda, ko malami ya warware mas'ala mai wuya da Hausa ya manta bai maimaita ta ga sauran ba. Babu mugun nufi a ciki, amma wanda aka bari a waje yana jin sanyin.

Mata sun shigo jami'a da yawan da iyayenmu ba su yi mafarkinsa ba, sai dai an gina jami'ar ne da tunanin saurayi marar iyali. Ɗalibarmu kuwa sau da yawa matar aure ce, tana goye da jariri, ta zo da ƙanwarta ko 'yar raino tana zaune da shi a gindin bishiya bayan ɗakin lakca, ita kuma kunnenta ɗaya yana wurin malami ɗaya yana wurin kukan da take tsammani. Ɗaki guda mai tsabta da mai kula da yara, da ƙa'ida rubutacciya a kan wadda haihuwa ta riska a tsakiyar jarrabawa, da ofishin da yarinya za ta kai ƙarar malamin da ya nemi lalata da ita ba tare da tsoron faɗuwa ba, sun fi mata amfani a kan yabon da ake yi wa Nana Asma'u a taro.

Waɗanda aka fi mantawa da su, har a cikin masu maganar haɗin kai, su ne nakasassu, alhali kuwa mu ne al'ummar da ke karanta Suratu Abasa tun muna yara, muka kuma san cewa Abdullahi ɗan Ummu Maktum, makaho, ya yi ladanci a Madina, har Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya sha wakilta shi a kan birnin idan zai fita. An buɗe makarantar makafi ta Gindiri tun 1953, akwai ta Tudun Maliki a Kano, kuma an ga Jibril Isa Diso, makaho, ya koyar a sashen ilimi na musamman na Jami'ar Bayero har ya kai matsayin farfesa. Tun 2017 JAMB ta ware cibiyoyi domin makafi, inda ake karanta musu tambayoyi su amsa da rubutun makafi ko da kwamfuta. Wannan duk ci gaba ne na haƙiƙa. Amma ranar da makahon da ya ci jarrabawar ya shiga aji, sai a miƙa masa takardun darasi da aka buga domin masu ido, karatunsa kuma ya rataya a wuyan wani abokin ɗaki mai tsoron Allah, wanda zai zauna bayan sallar isha'i, bayan ya gama nasa, ya karanta masa shafi talatin da babbar murya yana naɗa a waya, ya tsaya ya siffanta masa jadawalin da ba ya karantuwa da baki. Wanda ya taɓa tsayawa gindin bene da ƙarfe takwas na safe ya ga samari huɗu sun kama keken guragu, biyu gaba biyu baya, suna hawa da shi mataki-mataki, mai keken ya sunkuyar da kai yana ta yi musu godiya, zai yaba wa samarin, kuma sun cancanci yabo; amma ya kamata ya tambayi kansa me ya hana a sauko da wannan darasi ɗakin ƙasa, abin da ba ya cin ko sisin kwabo, sai dai mai tsara jadawali ya san akwai mai keke a ajin. Haƙƙin mutum idan ya koma sadaka, to ranar da mai sadakar ya gaji ko ya yi rashin lafiya, haƙƙin ya faɗi.

Kurma ya fi su duka shiga uku, domin nakasarsa ba a ganinta. Yana zaune a sahun gaba, idonsa a kan leɓen malami, malami ya juya ga allo yana ci gaba da magana, darasi ya yanke masa a nan. Kurame a ƙasar Hausa suna da maganar hannu tasu, makarantu kuma suna koyar da wadda aka samo daga Amurka, ana kuwa horar da masu fassara a Kwalejin Ilimi ta Musamman da ke Oyo da Jami'ar Jos da wasu wurare, saboda haka ba mutanen ne babu ba, gurbin ɗaukarsu aiki ne ba a buɗe ba. Dokar hana nuna wa nakasassu bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Janairu na 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shiga, aka kuma kafa hukumar kula da nakasassu ta ƙasa a 2020. Wa'adin nan ya cika a farkon 2024, kuma jami'o'i suna cikin gine-ginen da dokar ta shafa, tun daga ɗakin lakca da ɗakin karatu har makewayin gidan kwana.